Batiran Motar Amare da Idon Mahaifina

Daga:
Hawwa Ɗahiru,
Ɗalibar ajin ƙarshe a lise (babbar sakandare),
Unguwar Bukoki, Yamai.

Zuwa ga:
Mai Girma Darakta,
Lambun Shaƙatawa na Albarkar Isa,
Tondibiya.

Jumma'a, 19 ga Afrilu, 2024

GAME DA: Yadda ake gwada batiran ƙaramar motar lantarki ta lambunku, da roƙon a dakatar da shi kafin gobe Asabar

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ina neman afuwa bisa ƙarfin halin da na yi na rubuto maka. Ban kai matsayin haka ba, na sani. Ban taɓa rubuta wa wani babba takarda ba, iyakata aikin lekol da malamai ke ba mu. Wannan ma ta uku ce, biyun farko na yage su. Idan an ga kuskure a yafe mini.

Ni 'yar Malam Ɗahiru ce, direban 'yar farar motar nan mai aiki da batir, wadda ke ɗaukar amare da tsofaffi daga bakin ƙofa zuwa rumfar bakin kogi. Bai san na rubuto ba. Ga abin da nake kawo kuka a kai:

1. Tun cikin azumi motar ta fara kasawa. Tana da batir shida a ƙarƙashin kujera, kuma idan ɗaya ya yi sanyi sai ta kasa hawan gangaren kogi, Baba ya sauko yana turawa da baƙi a ciki. Na'urar sharjinta ta asali ta ƙone wata rana da kuran, wato wutar lantarki, ya dawo da ƙarfi, ba a sayi wata ba. Yanzu fiddo batiran ake yi, a yi musu sharji ɗaya bayan ɗaya da na'urar manyan motoci, a cikin ɗakin ajiyar da ke bayan garaji. Tagar ɗakin an toshe ta da bulo tun da aka yi sata. Na taɓa kai wa Baba abincin buɗa-baki can. Wari yake kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, batiran suna tafasa, kana jin ƙararsu tun daga ƙofa. Idan ruwansu ya ja baya, da ruwan pampo ake ƙara musu.

2. Shugaban garaji, Mushe (wato Malam) Halidu, ba shi da ma'aunin gwada batir. Yadda yake gane mai rauni shi ne a ɗauki guntun waya a haɗa kawuna biyu na batir ɗaya a ga tartsatsi. Wanda ya ba da babban tartsatsi lafiyayye ne, wanda ya ba da ƙarami shi ne mara lafiya. Ya ce haka ya koya a tasha tun ba a haife ni ba, kuma ban ƙaryata shi ba. Sai dai shi a bakin ƙofa yake tsayawa, Baba ne ke riƙe wayar, ya sunkuya har fuskarsa ta kusa taɓa batir don ya ga tartsatsin da kyau. A littafinmu na kimiyya an ce batir da ke kan sharji yana fitar da iska mai kama wuta. Na karanta wa Baba wurin har sau biyu, ya yi dariya ya ce to Lokotoro Hawwa, an ji, a kawo shayi.

3. Ranar Talata 16 ga wannan wata, bayan azahar, batir na huɗu ya fashe a fuskar Baba. Abokan aikinsa sun ce ƙarar har kicin aka ji ta. Ruwan asid ya shiga idonsa na hagu, ya cinye gaban rigarsa kamar ɓera ya ci. Wani mai ban-ruwan fulawa ne ya ja shi zuwa pampo ya yi ta wanke masa, Allah ya saka masa da alheri. A gidan likita an rufe idon da auduga, lokotoro ya ce ba zai iya cewa komai a kansa ba tukuna. Inna da ta ga rigar zama ta yi a ƙasa.

4. Mushe Halidu ya zo gida dubiya da lemo, mun gode. Amma ina bayan labule na ji ya ce wa Baba idan ofis ya tambaya ya ce apolo ne ya kama shi, tunda lokacinsa ne, don kada magana ta yi tsawo. Don haka ina zaton abin da aka gaya maka ke nan. Ranka ya daɗe, ba apolo ba ne. Rigar tana nan na ɓoye ta a cikin jakar littattafaina, idan ana son gani.

5. Wannan shi ne abin da ya hana ni ci. Gobe Asabar akwai babban biki a lambun, kuma dangin amarya sun ce lallai a motar za ta shiga. An samo tsohon batir na wata babbar mota a maye gurbin wanda ya fashe, an ce Baba ya zo da safe a gwada duka shidan, a ɗakin nan, da wayar nan. Baba ya ce zai je. Ya ce shi ba ya cewa a'a a wurin aiki, kuma ido ɗaya ya isa ganin tartsatsi. Ya faɗa yana murmushi don mu yi dariya, ba wanda ya yi.

Saboda haka, cikin ƙasƙantar da kai, ina roƙon Mai Girma Darakta ya ba da umarni yau, kafin a tashi aiki, a hana gwaji da waya. A sayo ma'aunin gwada batir, ana samunsa wurin masu kayan lantarki a kasuwa. A fasa bulon tagar nan ko a fitar da batiran waje ƙarƙashin inuwa, a ba mai aikin tabarau na kariya, a riƙa zuba ruwan batir na ainihi. Idan duk wannan ba zai yiwu kafin gobe ba, don girman Allah amarya ta taka da ƙafarta. Wurin ba nisa.

Ba na neman a kori Mushe Halidu, shi ma yana da iyali. Kuma ina roƙo kada laifin wannan takarda ya hau kan Baba. Bai aiko ni ba, da ya sani ma da ya hana. Na so in ɓoye sunana, sai na ji tsoron a ɗauka wasa ne a jefa ta kwandon shara.

Na ce wa Inna zan je karatu gidan ƙawata. Zan jira sai ma'aikata sun tafi masallacin Jumma'a, in tura takardar ta ƙarƙashin ƙofar ofishinka, in fita ta wajen masu sayar da mangwaro kafin mai gadi ya sallame. Don Allah kada a neme ni a gida. Idan Baba ya dawo gobe yana mitar cewa an hana su taɓa batir, zan san ka karanta.

Yanzu da na baro gida Baba yana zaune a tabarma yana laluben maɓallin kakinsa na gobe, ya ce in zo in sa masa zare a allura.

Ka huta lafiya, Allah ya ƙara girma.

Taka mai biyayya,
Hawwa Ɗahiru