Mai Riƙe wa Kabo Ɗamara

Rusaifa, Makka

Yaya Abdulrazak,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali da duk mutanen Yauri. Yaya ƙafar?

Ƙara na kawo maka. 'Yarka Ummulkhairi ta ɓoye min fatsata. Tun da na yi jinyar nan take cewa gaɓar Shu'aiba mamnu' ce, wato an hana ni zuwa, wai tsoho ba ya tsayuwa bakin teku. Ni ɗin? Ka tuna sagalar nan, gadar simintin da ta miƙe cikin ruwa, inda muke zuwa ranar Alhamis? Masu dogayen sandunan fatsa suna mana dariya, mu da igiya a hannu. To wa ya fito da ƙaton kifin nan, hamur, da sai da aka kwantar da kujerar motar abokinmu Talal kafin ya shiga? Har yanzu hannuna bai mutu ba, kuma kewar ruwa ta ishe ni. Tana jin maganarka, ka rubuto mata ta ba ni kayana.

Allah ya ƙara lafiya.
Ƙaninka, Kabo

Yauri

'Yata Ummulkhairi,

Bayan gaisuwa mai yawa, Allah ya yi miki albarka.

Na san ubanki ya sha ba ki labarin hamur, to rabi ya ba ki. Mu Sarkawa ne, masunta, a kogi muka koyi naɗe igiya a wuyan hannu, kifi ya ja, kai ma ka ja. Hamur ba ya wannan wasan, ramin dutse yake nufa. Ranar nan ya fizgi Kabo, ƙafafunsa suka bar sagala, na cafki ɗamararsa, wandon ma ya kusa barinsa. Ya sha ruwan gishiri ya ƙoshi, yana ta ihu, "Yaya, kar ka yanke!" Ban yanke ba, muka fito da kifin.

Kar ki wahalar da kanki wajen hana shi naɗe igiya, ni ma na gaza. Fatsar ba ta da laifi. Tun da aka dawo da ni gida daga Makka ba shi da mai tsaya masa a baya, abin da ke damuna ke nan. Ki ba shi kayansa, ki bi shi, ki riƙe ɗamarar da hannu biyu.

Ki gaida maigidanki.
Baffanki, Abdulrazak

Rusaifa, Makka

Baffa,

Ina gaisuwa. Mun je. Na riƙe da hannu biyu kamar yadda ka ce, kifi ya ja, mu biyu muka faɗa ruwa, har da abayata. Wallahi ni ce na dinga ihu kar ya saki. Kifin bai shiga firji ba, sai da muka raba wa maƙwabta.

Alhamis mai zuwa za mu koma. Na saya masa sabuwar ɗamara.

Ka huta lafiya.
'Yarka, Ummulkhairi