Kifin Dutse da Amsar da Zan Ba Baba

Ya sanyin idona, inuwata a tsakar rana, farin watan zuciyata,

Tun da saƙonki ya iso, burushi ya ƙi zama a hannuna. Wai idan Baba ya tambaye ni aikina na gidan tarihi, in ce neman abinci ne kawai, ban yarda da komai a cikinsa ba, sai ya ba ni aurenki. Haba, rabin raina! Da ƙarya zan shigo gidanku?

Kin tuna ranar da kika same ni a ɗakin aiki, na duƙufa kan kifin nan da ya zama dutse, mai ƙafafu kamar na ƙadangare? Kika tambayi dalilin da wasu haƙarƙarinsa suke fari fat. Na ce waɗannan ba mu same su ba, yumɓu muka sa a gurbinsu, kuma da gangan muke barin sa fari don kada mai kallo ya zaci ƙashi ne. Kika yi ta dariya har mayafinki ya share ƙurar teburin, kika ce kifin nawa ya sha faci kamar tayar tsohon keke. Wallahi tun ranar na kamu!

Baba yana da gaskiyarsa, giɓi na nan a bayaninmu na cewa wata halitta daga wata ta samo asali. Zai ce ina ta tsakiyar, tsakanin wannan halitta da waccan? Ni ma tambayar ba ta bar ni na huta ba. Cikin dubban halittun da suka mutu, da ƙyar ɗaya ke nutsewa a laka ta zama dutse, sauran ƙasa ta cinye. Amma waɗanda muka tono fa? Da yatsuna na shafa su, na ga yadda halitta ke sauyawa sannu a hankali, kuma ban taɓa ɗago kai ba sai da tasbihi a bakina. Yaya zan dubi dattijon da ya rene ki in ce ban gani ba?

Tsoro nake ji, masoyiyata, tsoro mai hana cin abinci. Idan na rasa ki, ina zan sa kaina? Amma zan durƙusa gabansa in faɗi abin da na sani, in faɗi inda sanina ya tsaya. In ya ce a'a, zan yi kukana, in sake dawowa, har ya gaji da ganin takalmana a ƙofarsa.

Kada ki shirya mini amsa. Ki dai roƙe shi ya saurare ni har in kai ƙarshe.

Naki, ba na kowa ba, har numfashina ya ƙare,
Mai kifin dutsenki