Babur Ɗin Ƙanƙara a Jidda

Yaya Haruna,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya ƙafar Inna, da sauƙi?

Gara ka ji daga bakina. Babur ɗin yashin da na ce zan riƙa bayarwa haya, na sayi na hannu a wani sito kusa da tashar jiragen ruwa. Na gan shi da sarƙa kamar tankar yaƙi, na ce halas, shi ke nan, wannan ba zai kafe a yashi ba. Ban tambayi kowa ba.

Ranar Juma'a na gwada shi a bayan gari, a gaban surukina. Babur ɗin bai yi nisa ba ya ɗau zafi, bel ya ƙone, injin ya mutu. Bakanike ya duba ya ce, "Ya Haj, wannan na ƙasashen sanyi ne. Dusar ƙanƙarar da yake takawa ce ke sanyaya injin. Ina za ka samo ta a Jidda?"

Surukina bai yi dariya ba, Yaya. Tattare jallabiyarsa ya yi, ya kama mini muka ɗora shi a mota. Da dariyar ya yi da ya fi mini sauƙi.

A sa ni a addu'a. Ka gaida kowa, amma don Allah kada Inna ta ji.

Ƙaninka,
Sani