Malafar Yaya Daudu

Roni,
3 ga Afrilu.

Yaya Halliru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, tare da Anti Sadiyya da 'yata Khadijat. Ya aiki, ya zafin Kazaure? Mu nan sai godiya.

Saƙonka ya iso ta hannun direba: kwalbar ƙwayoyi, katin saukar karatun Khadijat, da 'yar takardar da ka cusa a ciki. Na gode da biyun farko. Ta ukun ce ta zaunar da ni rubutu.

Ka ce tunda ga maganin kare fata, in bar malafata a gida ranar saukar, don manyan mutane za su zo, kada su ga ƙanwarka da malafa a kan hijabi kamar mai bin shanu. To Yaya, na kai kwalbar wurin likitar da ta yanke min ƙurjin nan na gefen hanci bara. Ta ce idan rana ta doki fata, wasu sinadarai ne ke tashi a ciki suna cin ta a hankali, kamar yadda tsatsa ke cin kwano. Abin da ke cikin ƙwayoyinka yana rage musu kaifi, amma akwai irinsa a tumatir da zogale da zoɓo da gwanda, kuma ni malamar gona ba sai an aiko min da waɗannan daga birni ba. Ta ce ga zabiya irina, ko buhun ƙwayar na shanye ba zai zame min inuwa ba. Sai man kariya daga rana, da riga mai dogon hannu, da abin da zai rufe fuska.

Katin ya ce a filin makaranta za a yi, daga hantsi zuwa azahar. Na san filin nan, bishiya ɗaya ce, kuma manyan naka ne za su zauna a ƙarƙashinta. Don haka da malafata zan zo.

Ka gaishe min da kowa.

Ƙanwarka,
Asma'u

Roni,
9 ga Afrilu.

Yaya Halliru,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya kai da iyali.

Na samu amsarka, cewa in ba zan iya rabuwa da malafa ba in yi zamana. Ta yi min ciwo, ba zan ɓoye maka ba. Amma ka taɓa duban malafar nan da kyau?

Ita ce wadda Baba ya sayo wa marigayi Yaya Daudu a kasuwar Babura. Ranar da ya fara sa ta muka yi ta masa dariya a tsakar gida, har da ni, da nake zabiya kamarsa. Ya rataye ta a ƙusa ya koma wa hularsa, don kada a ce ɗan gidanmu ya yi shigar daji. Hula kuwa tsakiyar kai take rufewa, ta bar kunne da ƙeya. A kunnen sankarar fata ta fara kama shi. Kai ka riƙe shi a mota zuwa Kano, ni na riƙa wanke tsummokaran ciwon. Shekara talatin da ɗaya ya yi a duniya. A ƙusar nan na tarar da malafar bayan sadakar bakwai, ko zufa ba ta sha ba.

Yaya, jinin da ya fitar da ni da Yaya Daudu farare shi ya fitar da Khadijat. Da Sallah na ga kumatunta sun yi jajir, hancinta yana saɓa, ana cewa wai zafi ne zai wuce. Haka aka ce da shi. Ita ce kuma za ta tsaya da allo a tsakiyar filin nan har azahar, ba kai ba.

Na sa an saƙa ƙaramar malafa daidai kanta. Ranar saukar, Asabar da safe, ina tafe da malafa biyu. In ka ga dama ka mai da ni daga bakin ƙofa, ba zan ɗaga maka murya ba, kai babba ne. Amma sai na fara ɗora wa Khadijat tata. In za a cire, kai za ka cire ta daga kan 'yarka da hannunka, a gaban manyan mutanen.

Allah Ya jiƙan Yaya Daudu, Ya bar mana kai.

Ƙanwarka,
Asma'u