Ɗaki Mai Madubi

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Baban yara. An sallame ni daga asibiti. Ciwon damuwar da ya kayar da ni bayan rasuwar maigidana ya yi sauƙi, ina ci, ina barci. Sai dai yaron nawa yana nan a gidan rainon da hukuma ta kai shi lokacin da na kwanta. Sun ce sai likitar ƙwaƙwalwa ta ga zamanmu tare ta sa hannu kafin su ba ni abina. Za a sa mu a wani ɗaki mai kayan wasa da ƙaton madubi, ita tana kallonmu ta bayansa. Kin san zaman ƙasar waje, ba ta jin yarenmu, sai da tafinta. Yaya, tsoro nake ji. Me zan yi?

Taki,
Auta

Auta,

Muna lafiya, mun gode Allah da sauƙin da kika samu. Ke dai da raki tun kina ƙarama! Abin da za ki yi shi ne ki kama kanki. Kada ki yi kuka, su ce ciwon ya dawo. Kada ki rarumo yaro a gaban baƙi kamar marar mafaɗi, ɗan fari ne. Ki sunkuyar da kai idan likita tana magana, ta san daga gidan tarbiyya kika fito. Kin taɓa jin Inna ta kira sunana? To, wa ya kai ta sona?

Allah ya ba da sa'a.
Yayarki

Yaya,

Ina gaishe ki. Na yi yadda kika ce. Yaron ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na zauna a ƙaramar kujera na danne zuciyata har haƙorana suka yi ciwo. Na ɗaure masa igiyar takalmi, na ce, "Kai, kana ci kuwa?" Ya ce yana ci. Ya jingina da ƙafata, ya san yarena.

Jiya tafinta ya karanta mini abin da likita ta rubuta. Wai ban rungume shi ba, ban ambaci sunansa ba, ban iya haɗa ido da kowa ba. Wai uwa ce da ba ta shaƙu da ɗanta ba. Na ce ya gaya mata kunya ce. Ya faɗa mata wata kalma guda, ta gyaɗa kai cikin tausayi, ta ce lallai akwai sauran aiki a kaina. Matar ba muguwa ba ce, Yaya, har ruwa ta miƙo mini. Abin da aka koya mata ta nema, ba ta gani ba. Saura zama ɗaya. Idan bai yi ba, wasu iyali za a ba yaron.

Auta

Auta,

Na karanta. Wace irin likita ce za ta ga uwa ta durƙusa a kan takalmin ɗanta ta ce babu so? Amma ba lokacin faɗa ba ne. Ki watsar da maganata. Ki kira sunan, ki rungume shi, ki yi kukan idan kuka suke so. Ki yi ta gwadawa a ɗaki har bakinki ya saba. Kunyar ta bi ruwa, ki dawo mana da yaro.

Yayarki

Yaya,

Gaisuwa. Na gwada har bakina ya saba. Ina shiga ɗakin na kira sunansa da ƙarfi, na buɗe hannuwa, hawaye na zuba. Bai taɓa jin sunan nan a bakina ba. Ya ja da baya ya ɓuya a bayan ma'aikaciyar gidan raino, ya leƙo, ya ce, "Mama, ciwon ne ya dawo?"

Tafinta ya fassara. Likita ta rubuta.

Ki gaida Baban yara.
Auta