Hannun Auwal a Teburin Saja Barnabas

Sintali, Jalingo,
6 ga Oktoba, 1996.

Zuwa ga yayana, Hamma Sirajuddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Adda Ruwaida da yara, ya ƙara maka rufin asiri a wurin aiki, ya kare ku daga sanyin ruwan Fatakwal da ba ya ɗaukewa. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Mahaifiyarmu Dada ta samu sauƙin ciwon gwiwar, har ranar Juma'a ta taka da ƙafarta zuwa unguwar Sarkin Dawaki barkar haihuwa. Bappa Njidda ya dawo daga ruga da ƙwaryar kindirmo, ya ce in faɗa maka jar saniyarka ta haihu, mace. An cire masarar gonar bakin rafi, ba ta kai ta bara ba amma mun gode Allah. Ni kuma an mayar da ni koyar da aji huɗu, kullum nakan dawo gida murya a dishe.

Hamma, maganar ƙanenmu Auwal ce ta sa na ɗauki alƙalami, kuma gara in fara da laifinmu. Wasiƙarka ta watan Yuni ta iso, na karanta wa Dada har sau biyu, inda ka ce Auwal ya bar kokawar hannun nan, domin hannuwansa su ne ƙafafunsa, su ne kuma abincinsa. Gaskiya ka faɗa, amma ba mu bi umarninka ba. Ina roƙon ka karanta har ƙarshe kafin ranka ya ɓaci.

Ka fi ni sanin yadda damatsansa suka cika tun da shan inna ta zaunar da shi ya koma murza keke da hannu, kullum daga Sintali zuwa rumfarsa ta gyaran rediyo a bakin kasuwa, da hawan tudun nan. Abin da ba ka sani ba shi ne yadda maganar ta faro. Samarin tasha ne suka fara jan sa wasa a kan bencin mai shayi, gwiwar hannu a kan katako, kowa ya nemi kwantar da hannun ɗan'uwansa. Ya yi ta kayar da su, har aka je aka ɗauko wani Manasseh mai buga bulo a Abbare. Manasseh ya kwantar da hannunsa sau uku kafin a ƙifta ido, ya kuma ce a gaban jama'a kada a sake haɗa shi da gurgu, don kada a ce ya ci zali. Kwana biyu Auwal bai buɗe rumfa ba. Abincin da na kai masa haka na ɗauke shi a rufe.

Akwai wanda ya ga abin da ya faru, Saja Barnabas, tsohon sojan nan da ya dawo daga Laberiya ya kama gida a bayan namu. Ya kawo wata tsohuwar rediyo gyara, alhali lafiyarta ƙalau, ya zauna ya ce wa Auwal ƙarfinsa ya fi na Manasseh, sai dai bai san inda zai ajiye ƙarfin ba. Ya ce shi a bariki ya koyi wasan, kuma wasa ne mai ƙa'ida, ba haukan bencin mai shayi ba. Sun fara ke nan sai wani kwandasta ya karye a tasha cikin irin wannan wasa, aka ce ƙarar kamar an karya rake. Labarin da Kawu Abbo ya kai maka ke nan. Dada ta yi kuka, wasiƙarka kuma ta zo ta ƙara mata ƙarfi, aka hana Auwal ko leƙa gidan Saja.

Bayan mako guda Saja ya zo da matarsa Rebeka, suka zauna a tabarma gaban Dada. Ya sa aka kawo masa karan dawa. Ya ja shi ta tsawo bai yi komai ba, ya murɗa shi kaɗan sai ya tsage. Ya ce haka ƙashin damtse yake, ba nauyi ke karya shi ba, murɗiya ce, kuma murɗiyar tana zuwa ne idan mutum ya bar hannunsa ya fita bayan kafaɗarsa, ya kau da fuska yana turawa da jiki. Ya ce dokarsa ta farko ita ce ido a kan hannu, kafaɗa tana bin hannu, in kuwa hannu ya wuce kafaɗa to a saki, a yarda an faɗi. Dada ta tambaya ko namiji zai yarda ya saki a gaban jama'a ana masa ihu. Ta juya ga Auwal ta ce ya yi mata alkawari. Ya yi. Ta ce to ya je, maganarka kuma ita za ta ɗauka a wuyanta, domin ta gwammace fargaba da irin zaman da ta ga ya yi kwana biyun nan.

Da ma ka ga irin horon da aka ba shi. Elijah mai walda ya haɗa musu tebur mai ƙarfen kamawa a kowane gefe, Saja kuma ya ɗaura bel na tsohuwar mota a benci yana riƙe ƙugun Auwal, tunda ba shi da ƙafar da zai dogara. Sati uku cur bai bar shi ya kama hannun kowa ba. Bokitin yashi ne a rataye da tawul, yana ɗaga shi da wuyan hannu kawai. Da igiya a jikin sanda yana naɗe ta da dutse a ƙasa, da robar taya a ɗaure a gindin mangwaro yana ja. Auwal ya yi ta ƙorafi wai shi ƙarfi bai rasa ba. Da sati ukun suka cika Saja ya kira ni, ya nuna mini yadda zan lanƙwasa wuyan hannuna ciki, in manne gwiwar hannu kusa da haƙarƙari, ya ce Auwal ya kwantar da ni. Hamma, ni da ko buhun gero ban taɓa ɗagawa ba, sai da Rebeka ta ƙirga biyar kafin ya kai hannuna ƙasa. Tun daga ranar bai sake ƙorafi ba.

A hankali na gane abin da ake koya masa, don ni ke riƙe musu agogo bayan la'asar. Duk wanda wuyan hannunsa ya fara buɗewa ya faɗi, ko da ya kai bijimi ƙarfi. Ba a fara turawa gefe, sai an jawo hannun abokin karawa zuwa ga kai tukuna, kamar mai jan guga. Hanyoyi biyu ya fi ba shi: ɗaya suna ce mata ƙugiya, a lanƙwashe ciki a riƙe, ɗaya kuma hawan yatsu, a zame sama a kan yatsun mutum har tafinsa ya buɗe. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne hutu. Kwana uku a mako ko bokitin ba ya barin sa ya taɓa, wai jijiya ba ta girma da saurin tsoka, kuma ranar da gwiwar hannu ta yi zafi sai ruwan ɗumi da zama. Sannu ba ta hana zuwa, in ji shi, da irin Hausarsa ta bariki.

Ranar ɗaya ga watan nan ƙungiyar matasa ta shirya gasa a filin makaranta, mutum goma sha shida suka shiga. Da farko wasu sun ce ba za a sa mai zama cikin masu tsayuwa ba. Saja ya ce to kowa ya zauna, ai hannu aka zo gwadawa, alƙalin wasa kuma ya yarda. Dada ta ce ba za ta je ba, amma muna isa sai ga ta da Goggo Mero a ƙarƙashin lema ɗaya. Auwal ya kayar da mutum uku ba tare da ya wahala ba, karon ƙarshe kuwa ya faɗo a kan Manasseh, aka ce duk wanda ya fara cin karo biyu shi ne gwani.

A karo na farko Manasseh ya fizga tun alƙali bai rufe baki ba, ya fitar da hannun Auwal bayan kafaɗa. Ina kusa, na ga jijiyoyin wuyan Auwal sun tashi, na ga yana da sauran ƙarfin da zai tura. Sai ya dubi hannunsa, ya sake shi ya tafi ƙasa. Fili ya ɗauki ihu, ana cewa ya ji tsoro, wani ma ya ce a mayar da shi kekensa. Na waiwaya na ga Dada ta ɗaga hannu tana godiya ga Allah, ita kaɗai ke murna a duk wurin. Goggo Mero ta ce wa na kusa da ita ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.

A karo na biyu Auwal ya riga shi, ya hau yatsunsa, tafin Manasseh ya buɗe, hannun ya tafi kamar reshen da ya jiƙa. Na uku ne ya daɗe. Suka sarƙe a tsakiya, teburin Elijah yana ƙara, gumi yana ɗiga daga haɓar Manasseh, shi kuwa Auwal bai tura ba, ya riƙe kawai, idonsa a kan hannunsa. Saja ya harɗe hannu a ƙirji yana kallo. Da numfashin Manasseh ya fara sarƙewa sai Auwal ya jawo shi gare shi, kafaɗa ta bi hannu, a hankali a hankali har bayan hannun Manasseh ya taɓa katako. Ban san lokacin da na yar da jakata ba. Manasseh ya daɗe zaune yana duban tafinsa, sannan ya tashi ya durƙusa gaban bencin, ya ce Auwal ya yafe masa maganar da ya yi a tasha. Shekaranjiya ma na gan shi a gindin mangwaron Saja, an ba shi bokitin yashi da tawul, Auwal ne ke gyara masa riƙo.

Yanzu ga abin da ya rage. An gayyace shi wata gasa a Yola cikin watan Disamba, Saja ya ce zai raka shi. Auwal ya ce sau ɗaya ya tsallake maganarka, da izinin Dada, ba zai ƙara na biyu ba. In ka ce ya zauna zai zauna, kuma ya hana ni roƙon ka. Don haka ba roƙo nake ba, labari nake ba ka. Ga hoton da aka ɗauka ranar gasar na sa a ciki, ka dubi fuskarsa da kyau. Dada kuma ta ce lallai in rubuta maka wannan da bakinta: shekara ashirin duk baƙon da ya zo unguwa neman gyaran rediyo gidan Auwal gurgu yake tambaya, amma jiya wasu samari biyu daga Abbare sun yi sallama suna tambayar gidan Malam Auwal mai koyar da kokawar hannu, ita da kanta ta shimfiɗa musu tabarma.

Dada tana gaishe ka tana sa maka albarka. Bappa Njidda da Goggo Mero da Kawu Abbo duk suna gaisuwa, haka Saja Barnabas da Rebeka, waɗanda suke fatan ganin ka in ka zo sallah. Ka gaishe mini da Adda Ruwaida, ka shafa mini kan Aishatu da Binta, ka ce musu Goggonsu ta ajiye musu gyaɗa sabuwar haƙa. Muna jiran amsarka ta hannun direban da ya kawo wannan. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka mai yi maka addu'a kullum,
Mahbuba.