Ɗan Fari Ya Ɓace a Lissafina

Yaya Lawal,

Gaisuwa mai yawa. Ya iyali, ya zaman Ikko?

Yaya, na ga abin mamaki! Malaminmu na kwaleji ya tura mu bincike, mu ƙidaya yaran kowane gida saboda makarantar kyauta. Na bi garinmu Ketare gida-gida, sai na tarar yaran da ke aji a makarantar garin sun fi na takardata yawa. Ashe magidanta tsallake ɗan fari suke, don kunya!

Na gwada Baba. Ya lissafo mu kaf, ban da kai. Na ce, "Baba, saura ɗaya." Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Wancan na Ikko ai ka san shi."

A taya ni addu'a, zan sake zagayen. Gaida mutan gida.

Ƙaninka,
Isa